Takardar Kaya Daban, Kaya Daban: Yadda Ake Haɗa Manhajar Da Ke Cikin Wayarmu

Duk wanda ya taɓa ɗora kaya a mota daga kasuwar Aboabo da ke nan Tamale zuwa Paga ko Bawku ya san cewa takardar kaya aba ce daban, kayan da ke cikin buhu kuma daban. Takarda takan ce masara buhu hamsin, shinkafa buhu ashirin, kuma da ita ake magana a kan hanya tun ba a kwance igiya ba. To, 'yan uwa 'yan kasuwa, irin wannan tsarin ne masana kwamfuta ke bi wajen haɗa manhajojin da muke lissafi da tura kuɗi da su, kuma saninsa zai iya tsare mana dukiya.

Kwamfuta ba ta jin yaren da ɗan Adam ke rubuta manhaja da shi, sai an sami tafinta. Wannan tafinta shi ake kira kompaila, aikinsa shi ne ya juya rubutun mutum zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. A yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a 1972, wanda kuma da shi aka rubuta Linux da ke ƙarƙashin wayoyin Android, akan raba rubutun gida biyu. Fayil na farko, mai .h a ƙarshen sunansa, shi ne takardar kaya. Yana faɗin sunan kowane aiki, da abin da za a ba shi, da abin da zai mayar. Na biyu, mai .c, shi ne buhun, wato a cikinsa aka rubuta yadda ake yin aikin dalla-dalla.

Mu ɗauki misalin manhajar shago. Yaro ɗaya ya rubuta sashen canjin kuɗi daga sidi zuwa sefa, wani kuma ya rubuta sashen buga rasit. Idan kompaila ya zo kan sashen rasit, ba ya leƙa yadda ake lissafin canji. Takardar kaya kawai ake kwafo masa, sai ya duba ko mai rasit ya kira aikin da sunansa daidai, ya kuma miƙa masa irin abin da takardar ta ce. In ya ga saɓani sai ya tsaya ya yi ƙorafi, in babu sai ya fassara sashen, ya bar gurbi a inda lissafin zai shiga. Haka zai bi kowane sashe shi kaɗai. Daga ƙarshe wata manhaja da ake kira linka, wato mai haɗawa, ita ke cike guraben ta ɗinke sassan su zama abu guda.

Amfanin wannan rabo a fili yake. Mutum goma za su iya aiki lokaci ɗaya ba tare da sun jira juna ba, muddin sun yarda da takarda ɗaya. Bugu da ƙari, in an gyara cikin buhu ba a taɓa takarda ba, sashen da aka gyara kaɗai za a sake fassarawa, sannan a sake ɗinki.

Amma fa akwai rami. Linkar yaren C suna kawai take dubawa, ba ruwanta da ko abin da ke bayan sunan ya canza. Mu a Gana mun san haɗarin haka tun watan Yulin 2007, lokacin da aka canza kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. Suna bai canza a bakin mutane ba, har aka daɗe in an ce miliyan sai an tambaya, na da ko na yanzu? Haka nan idan aka sauya takardar kaya amma wani sashe yana nan da fassarar da aka yi masa bisa tsohuwar, linka za ta ɗinke su lafiya lau, manhaja ta tashi, lissafi kuma ya riƙa fita a karkace babu wanda ya sani.

Masana sun daɗe suna toshe wannan ɓaraka. A 1976 Stuart Feldman ya rubuta manhajar make, wadda ke duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sa a sake fassara duk sashen da ya dogara da wanda aka canza. Niklaus Wirth na ƙasar Suwizalan ya fito da yaren Modula-2 a 1978, inda kompaila da kansa ke tilasta buhu ya dace da takardarsa. Yaren OCaml na Faransa kuwa yakan fassara ita kanta takardar, ya buga mata wata shaida kamar hatimin kwastan, in shaidar sassa biyu ta saɓa sai ya ƙi haɗa su.

Kada mai karatu ya ɗauka takardar kaya ba ta da daraja. A 2010 kamfanin Oracle ya kai Google ƙara saboda ya kwafi layuka kusan 11,500 na irin wannan jerin sunayen ayyuka daga yaren Java ya sa a Android, ko da yake Google ya rubuta cikin buhun da kansa. Sai a watan Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa amfanin da Google ya yi bai saɓa doka ba. Shari'ar kusan shekara goma sha ɗaya ke nan a kan takarda.

Ina abin ya shafe mu? Yanzu da yawanmu kan ba wa matasa kwangilar rubuta manhajar ajiye lissafin kaya da bashi. Abin da ake ɗora mana a kwamfuta ko waya fassararren abu ne, ana amfani da shi amma gyara shi sai an sha wuya. Ranar da haraji ya canza ko aka buɗe sabon shago, in mai rubutun ya yi tafiya, wanda zai gaje shi yana buƙatar ainihin rubutun, takarda da buhu duka. In takardar kaɗai aka bar mana, zai iya kiran ayyukan amma ba zai iya canza su ba.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, kafin a biya cikon kuɗi a rubuta cikin yarjejeniya cewa duk fayilolin asali namu ne, a karɓe su a ajiye a wuri biyu. Sannan a sa wani masani daban ya fassara su daga farko a gabanmu, a ga ko manhajar da ta fito ita ce wadda muke aiki da ita. Ba mu taɓa biyan direba don ya kawo takarda ya bar kaya a Paga ba, to kada mu fara a kan kwamfuta. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.