Sanduna da Igiyoyi a Madadin Hinji: Nazari kan Sabon Salon Ƙera Matallafin Hannu

Hannun ɗan'adam yana da ƙasusuwa 27, takwas daga cikinsu a wuyan hannu suke, jere cikin sahu biyu, kowanne yana zamewa a jikin ɗan'uwansa. Shi ya sa wuyan hannu ba ya lanƙwasa a kan layi guda: yana iya yin sama da ƙasa, ya karkata gefe, ko ya haɗa duka biyun, kamar yadda yake yi in mutum zai yi jifa. Matallafin da aka saba ɗaura wa majinyaci kuwa galibi hinji yake da shi, shi ko hinji hanya ɗaya ya sani. In layinsa bai dace da na gaɓar ba, sai matallafin ya riƙa zamewa, yana gugar fata, yana danne gaɓa, har majinyacin ya gaji ya ajiye shi. Wannan matsala ce ta sa injiniyoyi, ciki har da masu bincike a Regensburg ta ƙasar Jamus, suka karkata zuwa tsarin tensegiriti.

Tsarin ba a asibiti ya samo asali ba. Kenneth Snelson, wani mai fasahar sassaƙa ɗan Amurka, ya haɗa samfurinsa na farko a 1948, malaminsa Buckminster Fuller ya raɗa wa tsarin suna. Hasumiyar da Snelson ya ƙera a 1968, mai tsayin kusan mita 18, tana birnin Washinton. Sanduna ne da ba sa taɓa juna, igiyoyi masu tsauri ke riƙe da su, ta yadda in an danna wuri ɗaya, nauyin zai bazu ko'ina. Daga baya likitan ƙashi Stephen Levin ya kawo hujjar cewa ƙashi da tsoka da jijiya ma haka suke aiki. In aka ɗora wannan a hannu, sai a sami zobe a damtse da wani a tafi, igiyoyin roba na haɗa su, babu hinji ko ɗaya. Gaɓar ce ke zaɓar hanyarta, matallafin yana binta.

Akwai wasu dalilai biyu da suka ƙara ingiza lamarin. Na farko, likitoci sun daɗe da gane cewa gaɓar da ta jima cikin simintin ɗori tana sanƙarewa, tsoka kuma ta rame. Tun zamanin da Harold Kleinert na Louisville ya yaɗa amfani da robar ja bayan ɗinkin jijiyar yatsa, motsi da wuri ya zama ginshiƙin jinya. Masu gashin ƙashi kuma sun san cewa ja mai sauƙi na dogon lokaci ya fi fizga miƙar da gaɓa. Na biyu, na'urar buga kaya mai siffa uku ta sa ana iya ƙera sassan daidai awon hannun kowa, marasa nauyi, iska na ratsawa.

Sai dai masu suka suna da abin faɗa. Suna cewa abin da ke lanƙwasa ko'ina ba zai hana motsin da likita ya haramta ba. Amsar ita ce ana iya ɗaure wasu igiyoyin fiye da wasu, a toshe wata hanya a bar wata. Amma duk da haka sabuwar karaya tana buƙatar abin da ba ya motsi sam. Suka ta biyu ta fi nauyi: roba tana saki da zafi da gumi da daɗewa, kuma da yake igiyoyin sun dogara da juna, sakin ɗaya yana sauya ƙarfin sauran. Ja ya yi yawa, ɗinki ya ɓalle. Ya yi kaɗan, an yi aikin banza. Ga wahalar sawa da hannu ɗaya ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ga igiya mai sarƙe tufafi.

Saboda haka mazaunin wannan fasaha shi ne lokacin farfaɗowa, bayan ƙashi ya kama, sa'ad da ake son gaɓa ta motsa cikin kariya. Yawancin aikin har yanzu samfuri ne a ɗakin gwaji. Ba za ta cancanci shiga asibiti ba sai an gwada ta a kan majinyata, an kuma samar da hanyar da mai gashi zai auna ƙarfin kowace igiya ya daidaita shi cikin sauƙi.