Wace sandar fatsa ce ta dace da mai kamun kifi a Garun Malam?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, idan ya wuce Kura ya doshi Kadawa da Kwanar Gafan, zai ga ruwa yana gudana a manyan magudanai tsakanin gonakin tumatir da shinkafa da alkama, a lokacin da sauran ƙasar Hausa ta bushe ƙamas.

Wannan ruwa dai daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin mulkin gwamna Audu Bako. Yakan bi ta tafkin Ruwan Kanya kafin ya rarrabu a ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Don noman rani aka kawo shi, amma ruwa ba ya zuwa shi kaɗai. Ya zo da karfasa da tarwaɗa da kawara da ƙurungu, ya kuma mayar da 'ya'yan manoma da dama masu jefa fatsa da yamma, wasu don miyar gida, wasu don 'yan kuɗin kashewa.

A da, sandar gora da zare da ƙugiya sun wadatar. Yanzu kuwa sandunan ƙasashen waje sun shigo kasuwa, ga kuma hotunan bidiyo a wayar salula da ke nuna Turawa suna wurga zare mai tsawo a kan ruwa. Tambayar da ke gaban mai saye ita ce, wacce daga cikinsu za ta biya masa buƙata, ba tare da ya zuba kuɗinsa a ruwa ba?

Fatsa iri uku

Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: doguwar sanda, da zaren da aka ɗaure a bakinta, da ɗan totuwa ko roba mai yawo a saman ruwa, da ƙugiyar da aka saƙala wa tana ko fara ko ɗan gayan tuwo. Iyakar inda take kaiwa shi ne tsawon sandar haɗe da na zaren.

Ta biyu tana da abin naɗe zare a gindinta. Nauyin darma ko na abincin da ke jikin ƙugiya shi ne ke jan siririn zare ya kai shi nesa.

Ta uku ita ce mafi baƙunta a nan, wato wadda sunanta a Turance ke nufin fatsar ƙuda. A maimakon tana, ana ɗaura wa ƙugiya gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ƙaramin kifi. Wannan ƙwaron ƙarya ba shi da nauyin da za a iya jefa shi, don haka sai aka mayar da nauyin cikin zaren kansa. Mai fatsar yakan kaɗa sandar gaba da baya, zaren mai kauri ya miƙe a iska, sannan ya sauke ƙwaron a hankali a kan ruwa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani marubucin daular Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Masedoniya ke kama kifi da jan ulu da gashin zakara, kimanin shekaru 200 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Masuntan ƙasar Hausa ma sun san tushen abin, domin duk wanda ya ga yadda kifi ke tasowa saman ruwa idan shinge ya fito bayan ruwan farko, ya san kifi na farautar ƙwari da ido.

Ma'anar lambar da ke jikin sanda

A nan ne akasarin masu saye ke yin kuskure. Kowace sandar fatsar ƙuda tana ɗauke da lamba kusa da mariƙinta, kuma lambar ba nauyin sandar take nufi ba, nauyin zaren da aka ƙera ta dominsa take nunawa.

Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan kamun kifi a Amurka suka amince da ma'auni guda: a auna ƙafa 30 na farkon zaren, wato kimanin mita 9. Zare mai lamba 3 yakan kai giram 6 da rabi, mai lamba 5 giram 9, mai lamba 8 ya ɗan haura giram 13, mai lamba 12 kuwa ya kusa giram 25.

Idan aka sa zare mara nauyi a sanda mai babbar lamba, sandar ba za ta lanƙwasa ba, zaren kuma zai zube a gaban mai jifa. Idan aka yi akasin haka, sandar za ta yi laushi ta kasa ɗaukarsa. Ke nan sanda da zare tare ake sayensu, kuma wanda ya sayi sanda ta gwanjo ba tare da ya san inda zai samo zarenta ba, ya sayi abin ado ne kawai.

To wace lamba ce ta dace da wannan yanki? Kawara da karfasar da ake samu a magudanai ba su da girman da zai gagari lamba 5. Sai dai akwai iska. Filin noman rani a buɗe yake, kuma daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ba ta barin zare mara nauyi ya miƙe. Saboda haka lamba 6 ta fi zama daidai ga wanda sanda ɗaya tak zai iya saya. Ƙafa 9 shi ne tsawon da aka fi ƙerawa, kuma ya isa ya ɗaga zare sama da ciyawar bakin ruwa.

Manyan lambobi na da nasu wurin. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, kusa da iyakar jihar Adamawa, baƙi daga ƙasashen waje kan zo su kama giwan ruwa da daddare da sanda mai lamba 12. Giwan ruwa ba abin wasa ba ne: wanda ya ci gasar Argungu ta shekarar 2005 ya kai kilo 75. Amma ɗaukar irin wannan sanda zuwa magudanar Kadawa tamkar yanka tantabara ne da takobi, kuma kafaɗa ce za ta biya kuɗin.

Jikin mai fatsa

Bayan lamba sai yanayin lanƙwasa. Wata sandar bakinta kawai ke lanƙwasawa, wata har tsakiya, wata kuma har kusa da hannu. Mai taurin tana kai zare nesa, tana kuma yanka iska, amma ba ta yafe kuskure. Mai koyo ya fi samun sauƙi da matsakaiciya, domin yana jin nauyin zaren a hannunsa, ya san lokacin da zai mayar da shi gaba.

Abin da aka yi sandar da shi ma abin dubawa ne. Da gora aka daɗe ana yi, sai aka koma zaren gilashi bayan yaƙin duniya na biyu, sannan na kabon ya fito a shekarun 1970. Ta kabon ba ta da nauyi, amma ba ta jure bugu, kuma sandar da za a riƙa ɗaurewa a bayan babur tare da buhun taki ba za ta yi ƙarko ba. Ta gilashi ta fi nauyi, ta fi araha, ta kuma fi haƙuri. Yaro ko dattijo zai fi jin daɗin gajera, mai ƙafa 7 ko 8.

Wa ya kamata ya saya?

Gaskiyar magana, ba kowa ba. Tarwaɗa, wadda ita ce ta fi daraja a tukunya da kasuwa, a ƙasan ruwa take kiwo, galibi da dare, kuma da gashin bakinta da ƙanshi take neman abinci, ba da ido ba. Karfasa ma mafi yawan cimarta gansakuka ce da ƙananan tsirran ruwa, ba kullum take kula ƙwaro ba. Da damina kuma, idan ruwa ya yi ja, ƙwaron ƙarya ba ya ganuwa.

Don haka mai neman abin miya ya riƙe gorarsa da tanarsa, kada ya ji ya ci baya. A Japan ma akwai tsohuwar fatsa da ake kira tenkara, sanda da zare kawai ba abin naɗewa, wadda Amurkawa suka shiga saye da tsada tun daga shekarar 2009. Wanda ke zuwa bakin Tiga ko Ruwan Kanya, inda kifi ke nesa da gaɓa, mai abin naɗe zare ce tasa. Mai sana'ar su kuwa, birgi da kalli da gura ne ke ciyar da iyalinsa, ba sanda ba. Fatsar ƙuda ta mai sha'awa ce, wanda ke da lokacin koyo da kuma haƙurin komawa gida hannu rabbana a makonnin farko.

Haɗarin da ba a faɗa wa mai saye

Sandar kabon tana ɗaukar wutar lantarki. Ƙafa 9 na sanda a sama, ga hannu a miƙe, ga jiƙaƙƙen zare yana shawagi, ya isa ya taɓa wayar wuta ko ya jawo tsawa lokacin hadari.

Manyan magudanan kuma bangonsu a gangare yake, inda aka shafe da siminti yakan yi santsi, ruwan yana da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani. Wanda ya faɗa ciki da wuya ya sami abin kamawa, ko da ya iya ruwa.

Sannan ga tsargiya. Turawan da ake gani a bidiyo suna tsaye cikin ruwa har gwiwa, a koguna masu sanyi suke. A wuraren noman rani irin wannan, dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar yana zaune a ruwan da ba ya gudu sosai, kuma ta fata take shiga jiki. Wannan ma wani dalili ne na zaɓen sanda mai tsawon da zai bar mutum ya yi jifa daga tudu.

Ta fuskar doka, dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da wutar lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga domin ƙananan kifaye su tsira. Fatsa ba ta cikin abubuwan da aka hana. Sai dai a tafkuna irin su Tiga akwai sarkin ruwa da masuntan da suka riga kowa zuwa, kuma baƙon da ya zo da sanda ya kamata ya fara gaishe su, ya tambayi inda aka shimfiɗa kalli da mamari, kafin ya wurga zarensa.