Ina furar maiwa, ina daddawar batso?

Yau shafinmu na lafiya da noma zai yi magana a kan abin da ke cikin tukunya, da abin da ya fita daga cikinta ba mu farga ba.

A ƙarshen ranin da ya wuce, aikin duba makarantun yaƙi da jahilci ya kai mu wani ƙauye na ƙasar Azarori, cikin gundumar Madawa. Mun iske ajin mata a ƙarƙashin rumfar kara. Malamarsu ta ce kowace ta rubuta a allonta sunan abinci biyar da ta fi so. Masu ƙuruciya suka rubuta shinkafa da maka da tuwo da fura da wake. Akwai wata tsohuwa a bakin rumfa wadda hannunta bai gama sabawa da alli ba. Da ƙyar ta rubuta kalma ɗaya: maiwa.

Ta ɗaga allon ta ce mana: "Malam, sauran sun gagare ni rubutawa, bari in faɗa da baki." Sai ta shiga jerawa: furar maiwa da nonon da aka tatsa a bayan gari, miyar kuka da daddawar batso da man shanu, kwaɗon yaɗiya, tuwon magarya, ɗanya da kanya da goruba.

Wata amarya ta katse ta: "Inna, ita maiwar ba hatsin nan ba ne da muke ci?"

Tsohuwa ta dube ta, ta dube mu, ta ce: "Kun ji ko, Malam? Abin da ya raine mu, jikokinmu ko sunansa ba su sani ba."

Aji ya yi dariya. Mu kuwa maganar ta bi mu har gida.

ABIN DA TSOHUWA KE KEWA

Maiwa ƴar'uwar gero ce, amma ta fi shi daɗewa a gona. Gero yana nuna da wuri, ita kuwa sai ta haura wata huɗu, ba a girbinta sai bayan ruwa ya ɗauke. Dattawa sun ce tana son ƙasa mai nauyi mai riƙe laima, kuma mai maiwa girbi biyu gare shi: in gero ya ƙi, yana da sauran abin sa rai. Waɗanda suka sha furarta sun ce tana da gardi, kuma tana riƙe cikin manomi tun hantsi har la'asar.

Fura kuwa ba ta cika sai da nono. Ƙasar Azarori ƙasa ce ta zaman tare tsakanin Hausawa manoma da Abzinawa Kel Geres da Fulani. Da damana dabbobi kan haura arewa wajen Ingal shan gishiri. Bayan girbi su gangaro su kwana a gonaki, su ci kara su bar taki. A lokacin ba lalle sai da kuɗi ake samun nono ba: ƙwaryar hatsi ta tafi, ƙwaryar nono ta dawo. Ayarin raƙuma kuma ya zo daga Bilma da kantun gishiri da dabino, ya koma da hatsi. Cuku da man shanu ba baƙi ba ne a gidan talaka.

Daddawar batso da ƴaƴan yakuwa ake yin ta, wato gurguzu. A wanke, a dafa na tsawon wuni da ɗan ruwan toka ko kanwa, a rufe kwana biyu ko uku har ya ruɓa, a kirɓa, a dunƙula, a shanya. Aiki ne mai cin itace da lokaci, warinsa kuma ba ya ɓoyuwa ga maƙwabta. Amma wadda ta yi ta sau ɗaya ta huta da abin miya na watanni.

Mu da aka haifa wajajen 1980 ba mu riski yalwar da tsohuwa ke faɗi ba, amma mun riski ƙarshenta. Muna tuna dawowa daga makaranta aljihu cike da magarya da aduwa. Muna tuna gwigwiyar goruba har dasashi ya yi ciwo. Ba wanda ke saye, ba wanda ke hanawa. Yau yaro sai an ba shi kuɗi ya sayi goruba a kasuwa, in ma an kawo ta.

ME YA TAFI DA SU?

Ba dare ɗaya abin ya faru ba. Dalilai ne suka taru.

Na farko shi ne ruwa. Farin 1973 da 1974, da na 1984 wanda mutanenmu suka yi wa laƙabi da El Buhari, sun koya wa manomi tsoron irin da ke daɗewa a gona. Kowa ya koma ga mai saurin nuna, kamar HKP da ke kai wa cikin wata uku ko ƙasa da haka. Ba laifi manomi ya yi ba, iyalinsa ya ceta. Sai dai a shekarar yunwa har irin shuka akan ci, kuma irin da aka cinye a gidaje duka ba ya dawowa da kansa.

Na biyu shi ne ƙuncin ƙasa. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗan ɗori a Nijar. Ta 2012 ta sami sama da miliyan 17. Gona ba ta ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa. Aka daina barin saura ta huta, aka nome makiyaya, burtali ya tsuke. Saniyar da ba ta da wurin kiwo kusa da gari ba ta kawo nono gari. Ga shi kuma farin 1984 ya karkashe garke masu yawa, wasu gidajen har yau ba su mayar ba.

Na uku shi ne gatari da lauje. Ɗanya ta tafi a turmi da akushi, sauran itatuwa suka tafi a murhu. Dubi goruba a kwarin Tarka. Tabarmar Madawa ta yi suna, kuma da kaba ake saƙa ta. Amma kabar da ake yanka kowace shekara tun tana ƙasa ba ta samun damar yin tsawo, balle ta zama goruba mai ƴaƴa. Tsofaffin suna faɗuwa, babu masu gadonsu.

Na huɗu shi ne kasuwa da gajiyar mata. Shinkafar da ke zuwa daga ƙasashen Asiya ba ta son surfe ko daka. Dunƙulen miya na kanti ba ya son wuni guda a kan wuta. Macen da ta yi tafiya mai nisa neman ruwa da itace, mijinta kuma yana ci-rani a Najeriya ko Libiya ko Abijan, wa zai ga laifinta in ta ɗauki mai sauƙi?

BA KWAƊAYI KAƊAI BA NE

Wani zai ce wannan zancen tsofaffi ne, kowane zamani da abincinsa. Da abin ya tsaya ga daɗin baki, da ba mu ɓata takarda a kansa ba. Amma ma'aikatan lafiya sun nuna cewa abin da ya fita daga tukunya ya fita daga jikin yara.

Nono yana gina jiki da ƙashi. Furar da aka dama da ruwa zalla tana cika ciki, amma ba ta isar yaro mai girma. Ganyaye irin su yaɗiya da tafasa da gasaya da rama da zogale suna ɗauke da bitamin A mai tsare ido daga dundumi, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda mai ciki ke matuƙar bukata. Garin ƴaƴan kuka yana da bitamin C mai yawa. Hatsi ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe nesa ba kusa ba. Daddawar batso tana ƙara wa miya abin gina jiki a gidan da nama sai ranar salla ko suna. Dunƙulen kanti kuwa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, domin yawansa yana jawo hawan jini.

Akwai kuma maganar lokaci. Abincin daji yana zuwa daidai sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Tafasa da gasaya suna fitowa da ruwan farko, tun hatsi bai yi kai ba. Su ne ke riƙe gida tsakanin shuka da girbi. Wanda ya ga shekarar 2005, da layin uwaye a bakin gidajen likita na Madawa da Buza da Keita da yara masu tamowa a goye, ya san abin da ke faruwa in rumbu ya ƙare daji kuma ba kome.

Mun tambayi tsohuwar nan ko tana kewar anza. Ta girgiza kai ta ce: "Wa ke kewar ɗaci, Malam? Amma a 1984 ita ta tsayar da ƴaƴana da ƙafafunsu. In ta ƙare a daji, ranar da ta ɓaci ina za a nufa?"

BA DUK NA DA NE ZA A MAYAR BA

Kada a fahimce mu a karkace. Akwai abin da zamani ya gyara. Gishiri mai aidin yana hana maƙoƙo, kuma yana taimakon ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, don haka shi ya kamata a sa a miya. Ƴaƴan anza suna da guba in ba a jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita sarai ba. Ɗanyen nono yana iya ɗauko cuta daga dabba, sai a tafasa shi kafin a kwantar. Jariri kuwa har ya cika wata shida, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ruwa ba jiƙo. Iri mai saurin nuna ma ba abokin gaba ba ne. A 2018 an fito da wani hatsi mai suna Chakti a Nijar, mai nuna da wuri, mai yawan sinadarin ƙarfe. Abin da muke cewa shi ne kada sabo ya kori tsoho daga gida. Da tsohuwar zuma ake magani.

ABIN DA YA TAFI YANA IYA DAWOWA

Mun ga misali a jaharmu ta Tawa. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Magiya, ƙasar Buza, don tare iska. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka, aka yi shingaye da madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa a fako. A jahar Maraɗi kuma, daga shekarun 1980, manoma suka rungumi sassabin zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Da wannan dabara miliyoyin eka suka sake yin itatuwa ba tare da an sayi dashe ko ɗaya ba. Duniya ma ta waiwayo: Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don hatsi da danginsa, kuma a Sadore kusa da Yamai, cibiyar bincike ta ICRISAT tana ajiye da irin hatsi kala-kala da aka tattaro daga ƙauyuka.

Ga shawarwarinmu:

1. Manomi, in kana sassabe ka ga tohon magarya ko aduwa ko ɗanya ko anza, bar shi ka gyara shi. A kowace gona mai kaba, a ware gindi biyu ko uku da lauje ba zai taɓa ba.

2. In akwai mai sauran irin maiwa ko wata tsohuwar dawa a garinku, a nemi ko tafi ɗaya ne. A shuka kunya kaɗan a wuri mai laima, kada a zuba gona duka a kanta. A zaɓi zangarniya mafi kyau tun a gona, a ajiye ta dabam.

3. A shuka yakuwa a gefen gona. Mata su haɗu biyar ko goma su yi daddawa a tukunya ɗaya, itace da wahala su ragu.

4. Ganyen damana a shanya shi a inuwa, ba a rana ba, a adana don rani. Inuwa ta fi tsare amfaninsa.

5. Kunun yaron da ya wuce wata shida a ƙara masa garin wake ko gujiya, da garin zogale, da nono dafaffe in an samu.

AIKI GA MAKARANTUNMU

Iri yana hannun tsofaffi, sanin sarrafa shi kuma yana kansu. Ranar da aka kai ɗayansu kushewa, abin da ta sani ya bi ta in ba a rubuta ba. Saboda haka muna roƙon kowane malamin yaƙi da jahilci na Madawa da Buza da Keita ya ware darasi ɗaya a wata. A gayyato tsohuwa ko tsoho, su faɗi sunan abinci, da abin da ake haɗa shi da shi, da yadda ake yin sa, ɗalibai su rubuta a littafin aji. A aiko mana, mu kuwa za mu buga a wannan shafi da sunan garinku.

Ajin da muka ba ku labari ya riga ya fara. Da muka koma bayan mako uku, mun iske shafi huɗu cike, kuma amaryar nan ce ke riƙe da alƙalami. Tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta nuna mana ɗan ƙullin iri da wata ƙanwarta ta aiko mata daga kudu. Ta ce tana jiran ruwan shuka.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ƙara wa yaranmu lafiya. Amin.