Ciwon Ƙirjin Da Ke Zuwa Tare Da Haila

Yau za mu tattauna a kan wata cuta wadda mace takan yi shekara da shekaru tana fama da ita ba ta san sunanta ba, wani lokaci ma likitan da ke duba ta bai kawo ta a ransa ba. A ƙirji take nuna kanta, amma da haila take tafiya. Saboda haka gano ta daga bakin mai ciwon yake farawa, domin ke kaɗai kika san ranar da jininki yake zuwa.

Kin san cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai taushi wadda take yin kauri kowane wata don shirin ɗaukar ciki. In ciki bai shiga ba sai ta saɓule ta fita, shi ne jinin haila. To, a jikin waɗansu mata, irin wannan tsoka takan tsiro a inda ba wurinta ba ne, kamar a kan ma'ajiyar ƙwai, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji da mafitsara. Duk wata takan kumbura ta yi jini kamar ta cikin mahaifa, sai dai jinin ba shi da hanyar fita. Likitoci suna kiran wannan cuta endometiriyosis. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayaninta na 2023, ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 na waɗanda ke cikin shekarun haihuwa tana da ita, watau kimanin mata miliyan 190 ke nan a duniya.

Galibi a mara take tsayawa, ta kawo matsanancin ciwon mara, da zafi lokacin saduwa, wani lokaci da jinkirin samun ciki. Amma a jikin mata kaɗan takan haura har ƙirji. Tsakanin ciki da ƙirji akwai wani faffaɗan shamaki na tsoka wanda muke numfashi da shi, sa'an nan huhu kansa yana lulluɓe da wani siririn tantani. A kan wannan shamaki da wannan tantani cutar ta fi zama, jefi-jefi kuma a cikin huhun kansa.

Yaya aka yi ta kai can? Bayanin da ya fi shahara ya samo asali daga wani likitan Amurka, John Sampson, wanda a 1927 ya kawo hujjar cewa wani sashe na jinin haila yakan koma baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ciki. Ruwan da ke cikin ciki kuwa yakan haura ta gefen dama zuwa ƙarƙashin shamakin nan, kusa da hanta. In akwai 'yan ƙananan huduji a shamakin, sai tsokar ta samu hanyar shiga ƙirji. Ana ganin wannan ne ya sa a wajen mata 9 cikin 10 masu wannan lalura, gefen dama ne yake ciwo.

Hanya huɗu take bayyana. Ta farko, wadda ta fi yawa, iska ce take taruwa tsakanin huhu da bangon ƙirji ta danne huhun ya lotsa, sai mace ta ji suka a ƙirji farat ɗaya, numfashi yana yi mata wuya. Ta biyu, jini ne yake taruwa a wurin. Ta uku, tarin jini. Ta huɗu, ɗan ƙullutu a huhu wanda sai a hoto ake ganinsa. A 1996 waɗansu likitoci biyu, Joseph da Sahn, sun bi bayanin mata 110 masu cutar, suka tarar kashi 73 cikin ɗari taruwar iska ce, 14 taruwar jini, 7 tarin jini, 6 kuma ƙullutu. Akwai kuma ciwon kafaɗar dama ko gefen wuya, domin jijiyar da ke kula da shamakin nan daga wuya ta sauko, sai a ji ciwon can sama alhali a ƙasa yake. An fi ganin cutar ga mata 'yan shekara 30 zuwa 40.

Babbar alamar ita ce lokaci. Ciwon yakan taso ne daga kwana ɗaya kafin zuwan jini zuwa kwana 3 bayan ya fara, sa'an nan ya lafa, sai kuma wani wata. Ba lalle ne ya zo kowane wata ba, amma in ya zo, tare da haila yake zuwa.

A nan ne ake yin saɓani, uwargida. Mace ta je asibiti da ciwon ƙirji, likita yana tambayarta tari da zazzaɓi, ita kuwa ba ta ga abin da ya haɗa ƙirji da al'ada ba, ga kuma kunya, musamman in likitan namiji ne. A ƙasarmu, inda tarin fuka, watau tibi, yake da yawa, duk wadda ta yi tarin jini ko aka ga ruwa a ƙirjinta, shi za a fara zato, kuma daidai ne a gwada kakinta. Sai dai tibi yakan zo da rama, da gumin dare, da tarin da ya wuce mako 2, kuma babu ruwansa da kwanan wata. Likitocin asibitocin koyarwa na ƙasar nan sun sha ba da rahoton mata masu endometiriyosis na ƙirji, saboda haka kada ki ɗauka cutar Turawa ce.

To, me za ki yi? Ki samu kalanda ko ɗan littafi. Ki rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Duk ranar da kika ji suka a ƙirji, ko ciwon kafaɗa, ko sarƙewar numfashi, ko kika ga jini a kaki, ki rubuta, ki kuma faɗi gefen da ke ciwo. In ba ki rubutu, ki yi alama iri biyu, ko 'yarki ta rubuta miki. Bayan wata 3 ki duba. In kwanakin suna haɗuwa, ki kai wa likita takardar, ki ce masa a fili, "Likita, ciwon nan tare da al'adata yake zuwa." Ki faɗa masa in kina da ciwon mara mai tsanani ko kin daɗe kina neman haihuwa.

Likita zai fara da hoton ƙirji, wanda yakan nuna iska ko ruwa. Daga nan akwai hoton siti-sikan mai nuna cikin huhu dalla-dalla, da na em-ar-ai wanda ya fi iya nuna tabon jini a kan shamaki. Ya fi kyau a ɗauki hoton lokacin da kike haila, domin in an ɗauka a tsakiyar wata yana iya fitowa kamar lafiya lau. Hoto mai kyau a ranar da ba ciwo ba ya nufin ƙarya kike yi. Babu gwajin jinin da shi kaɗai zai tabbatar da cutar. Tabbacin ƙarshe yakan samu ne ta wani ɗan aikin tiyata: a sa ki barci, a zura siririyar kyamara ta tsakanin haƙarƙari, likita ya ga tabban da hudujin da idonsa, ya yanko ɗan kaɗan a duba a ɗakin gwaji. An fi so likitan ƙirji da likitan mata su haɗa hannu, domin a duba mara ita ma.

In an gano ta, akwai magani. A wajen wannan aikin ne akan cire tsokar, a ɗinke hudujin, wani lokaci a manne huhu da bangon ƙirji don kada iska ta sake taruwa. Bayan haka akan ba da ƙwayoyi ko allurai masu tsayar da haila na waɗansu watanni, domin cutar tana iya dawowa. In kina son haihuwa nan kusa, ki gaya wa likita tun farko, saboda yawancin magungunan nan suna hana ɗaukar ciki muddin ana shan su. Cutar ba daji ba ce, ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba sammu ba ne.

Gargaɗi ɗaya, 'yar'uwa. In numfashi ya sarƙe miki farat ɗaya, ko sukan ƙirji ya tsananta, ko kina jin jiri, kada ki tsaya jiran cika kalanda, kada kuma ki tsaya shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. A kai ki asibiti nan take, domin huhun da iska ta danne yana iya kai mutum lahira. Ko a cikin wannan hali, ki daure ki faɗa musu ranar da jininki ya zo. Ki kuma sanar da 'ya'yanki mata da ƙannenki wannan bayani. Sai mun sake saduwa.