Gaskiya ko Jita-jita: Maki Na Kwanar da Mutum Kyauta a Otal ɗin Gaban Harami?

Da an gama girbin shinkafa a fadamun Miga, kuɗi sun ɗan zauna a hannun mutane, hirar majalisa takan karkata gabas. Wanda ya kai buhunansa Gujungu ko Haɗejiya ya fara lissafin Umara, mai fataucin riɗi da zoɓo kuma yana shirin Kano ko Legas. A 'yan shekarun nan wata magana ta shigo cikin hirar ta hanyar waya: bidiyon wani da ya buɗe labulen ɗakinsa a dogon benen nan mai agogo na Makka, ga Ka'aba a ƙasa, yana cewa ko sisi bai biya ba, da maki ya kama ɗakin. Daga nan sai a ji wani ya ce ai wayo ne kawai aka fi mu, da mun san hanya da mu ma mun huta da biyan kuɗin masauki. Maganar ta dame ni, domin kuɗin da ake shirin motsawa saboda ita gumin damina ne, a yankin da ambaliya kan cinye gonar mutum cikin dare ɗaya, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022.

Makin dai akwai shi. Manyan kamfanonin otal na duniya sun daɗe da shi: Holiday Inn da Marriott sun fara nasu a 1983, Hilton ya biyo baya a 1987. Yau sunayen da za ka fi ji su ne Hilton Honors, da Marriott Bonvoy wanda aka raɗa wa wannan suna a 2019, da ALL na kamfanin Accor na Faransa. Rajista ba a biyan ko kwabo. Duk lokacin da ka kwana a otal ɗinsu ka biya, sai a zuba maka maki a asusunka, idan ya taru ka kama ɗaki da shi. Zuwa nan duk gaskiya ne.

Inda zancen ya fara kaucewa shi ne kalmar da ake yawan liƙa masa, wai kyauta. A yawancin otal-otal na Hilton da Marriott, sabon ɗan rajista yana samun maki 10 a kan kowace dala ɗaya da ya kashe a kuɗin ɗaki, ban da haraji. Masu bin diddigin harkar kan ƙiyasta darajar maki 1,000 na Hilton a kusan dala 5. Ke nan idan ka kashe dala 100, abin da ya dawo maka bai wuce kimanin dala 5 ba. Lissafin Accor ya fi fitowa fili, domin su sun yanke wa makinsu farashi: maki 2,000 yana rage maka Yuro 40 daga kuɗin ɗaki. Sabon ɗan rajista a yawancin otal ɗinsu yana samun maki 25 a kan kowace Yuro 10, wato sai ya kashe Yuro 800 kafin a rage masa Yuro 40. Kashi 5 cikin 100 ke nan. A ce, misali, ɗakin da kake so ana neman maki 60,000 a kwana ɗaya a Hilton. Sai ka riga ka kashe dala 6,000 a wurinsu kafin ka kwanta daren nan guda. Abin daidai yake da gyaran da mai awo kan ƙara maka bayan ka sayi tiya goma: yana da daɗi, kuma haƙƙinka ne ka karɓa, amma daga cikin ribar da ya ci a kanka ya ɗebo.

To masu bidiyon fa, ina suke samun dubban ɗaruruwan maki? Yawancinsu ba daga kwana a otal ba ne. A Amurka bankuna irin su American Express da Chase suna fitar da katin bashi tare da Hilton da Marriott, su zuba wa sabon mai kati maki masu yawa idan ya kashe wani adadi cikin watannin farko, sannan duk cefanen gida da man motar da ya biya da katin yana ƙara masa. Katin nan sai mazaunin ƙasar mai tarihin biyan bashi a can, kuma wanda bai biya abin da ya ci ba a ƙarshen wata, kuɗin ruwa ne ke hawa kansa, wanda a shekarun nan ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Wannan kaɗai ya isa ya sa Musulmi ya tsaya ya yi tambaya. Sauran masu tarin makin kuwa ma'aikata ne da kamfani ke biya wa ɗaki dare da yawa a shekara, makin yana shiga asusunsu. Manomin da yake fita ƙasar waje sau ɗaya a shekara uku ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan.

Akwai jita-jitar da na fi jin tausayin masu ɗaukarta: wai idan ka je Umara ta kamfanin jirgin yawo aka sauke ka a babban otal, makin yana nan yana jiranka. Galibi ba haka ba ne. Gaskiya ne da yawa daga otal-otal ɗin da ke cikin benen agogon nan, wato Abraj Al Bait, irin su Fairmont da Swissôtel da Pullman Zamzam da Mövenpick, na Accor ne, a Jabal Omar da ke gefen Harami kuma akwai Conrad da Hilton Suites da Marriott da Hyatt Regency. Amma ƙa'idar dukkansu ɗaya ce: ana ba da maki ne ga wanda ya kama ɗaki kai tsaye daga shafin kamfanin ko manhajarsa. Ɗakin da aka saya a sari aka haɗa maka da tikiti da biza, ko wanda ka kama ta Booking.com da makamantansa, ba ya kawo maki. Alhaji zai tsaya a wurin karɓar baƙi ya miƙa lambar rajistarsa, ma'aikaci ya duba kwamfuta ya ce masa cikin ladabi wannan ɗakin na rukuni ne, ba ya cikin tsarin. Aikin Hajji ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Jigawa kuwa babu ma maganar maki a ciki, tunda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jihohi ne ke kama masaukin alhazai a dunƙule.

Kada kuma wannan ya sa mutum ya yi saurin barin jirgin yawo don neman maki. Farashin sari da suke samu sau da yawa ya fi na kai tsaye sauƙi da abin da ya wuce kashi biyar ɗin nan. Ga kuma batun biza: tun 2025 Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta sa sharaɗin a tabbatar da masauki ta dandalin Nusuk Masar kafin a ba da bizar Umara. Duk mai son kama ɗaki da kansa, ya fara zama da wanda zai yi masa biza su daidaita kafin ya fitar da kuɗi.

Sai masu cewa a tara makin a ajiye shi don goman ƙarshe na azumi, lokacin da ɗaki ya fi tsada. A da akwai ƙamshin gaskiya a ciki, lokacin da kowane otal yake da tsayayyen adadin maki na kwana ɗaya. Hilton ya daina wannan jadawalin a 2017, Marriott a 2022. Yanzu adadin makin yana bin kasuwa, yana hawa idan mutane suka yi yawa, kuma babu kwanakin da ake rububin ɗakunan gefen Harami kamar goman ƙarshe. A Accor ma, tunda makin rangwamen kuɗi ne, idan farashi ya ninka, makin da ake buƙata ya ninka. Ko an samu ɗakin, adadin maki mafi ƙanƙanta na ɗaki mafi ƙanƙanta ne. A benen agogon ana sayar da ɗakuna ne bisa abin da taga ke kallo: mai kallon gari daban, mai kallon Harami daban, mai kallon Ka'aba shi ne a sama. Canja wa mutum ɗaki zuwa wanda ya fi na manyan 'yan rajista ne, su ma sai idan akwai wanda babu kowa a ciki. Matakin Platinum na Marriott, alal misali, sai ka yi kwana 50 a shekara guda.

A cikin gida Najeriya wuraren kashe makin ba su da yawa. Sanannun otal-otal na Kano irin su Tahir Guest Palace da Bristol Palace ba na Hilton ko Marriott ba ne, don haka ɗan kasuwar da yake kwana a can duk wata ba abin da yake tarawa a waɗannan tsare-tsare. A Abuja akwai Transcorp Hilton a Maitama, wanda aka buɗe a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton. A Legas akwai Sheraton da Marriott na Ikeja, da Four Points a Victoria Island. Otal kuma yana iya fita daga tsarin: tsohon Sheraton na Abuja ya koma Abuja Continental, makin Bonvoy ba ya aiki a can yanzu.

Na ji wani yana cewa tunda naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, gara ajiyar maki da ajiyar naira. Wannan jita-jita ce mai haɗari. Makin ba dukiyarka ba ce a dokance. Yarjejeniyar da ka amince da ita ranar rajista ta ba kamfani damar sauya darajarsa a duk lokacin da ya ga dama. Yana kuma mutuwa. A Hilton da Marriott, wata 24 ba tare da wani motsi a asusu ba sai ya ɓace, a Accor kuwa shekara ɗaya ce idan ba ka sake kwana ba.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa babu amfani a ciki. Idan dama za ka biya ɗaki daga aljihunka a ɗaya daga waɗannan otal-otal, kuma farashin kai tsaye bai fi na wani wuri tsada ba, rashin yin rajistar asara ce. Marriott yana ba ka makin ɗaki har uku idan kana cikin masu kwana kuma kai ka biya, abin da zai amfani magidancin da ya ɗauki mahaifiyarsa da iyalinsa. Idan ka kama kwana biyar a jere da maki, makin kwana huɗu kawai Marriott zai cire maka. Hilton kuma ya yarda 'yan rajista su haɗa makinsu wuri ɗaya ba tare da biyan komai ba, don haka wa da ƙanen da suke fatauci tare za su iya tara na kwana ɗaya da wuri.

Abin da na fi tsoro shi ne tallan da ke yawo a WhatsApp da Facebook, inda wani zai ce yana da maki, ka turo rabin farashi ya kama maka ɗaki a gaban Harami. Hilton da Marriott da Accor duk sun haramta sayar da maki tsakanin mutane, kuma suna rufe asusun da suka kama. Wasu daga cikin masu wannan tallan ma da asusun wasu da aka yi wa kutse suke aiki. Takardar da za su turo maka tana iya zama ta gaske a ranar, da lamba da sunan otal, har ka duba a shafi ka gan ta. Amma da zarar mai asusun ya farga ya kai ƙara, an soke kamun. Kai kuma ba za ka sani ba sai ka iso daga Jidda da dare cikin harami, da tsohuwa a kan keken guragu da jakunkuna a gefe, a ce maka babu ɗaki da sunanka, sai dai ka biya farashin wannan daren. Lambar wanda ka tura wa kuɗin daga Miga kuwa ta daina shiga.