Kokowar kaka: yadda gari ke shirya ta

Jama'a manoma, kaka ta yi. An ɗaure hatsi, dammuna sun shiga rumbu, wake yana shanya. In dare ya yi ka ji ganga daga garin da ke kusa da ku, ka san samari sun fito fage. Yau kan kokowa za mu yi magana, don babu wasan da ya kai ta tara mutane a ƙauyukanmu.

Me ya sa ake yin ta a kaka? Dalili a fili yake. Ciki ya cika, aikin gona ya ƙare, ƴan cin rani kuma ba su kama hanya ba tukuna. Mai yunwa ba ya kokowa.

Ga yadda abin ke tafiya. Samarin gari su shawarta, su je su gaya ma maigari. In ya yarda, sai a sa rana, a aika goro garuruwan maƙwabta. Kada ku sa ranar da ta yi daidai da kasuwar wani gari na kusa, ko da wani biki, jama'a za ta rabu biyu. Sannan a share fage. Wannan aiki ne da ake renawa, alhali shi ne babba. A zaɓi wuri mai rairayi, a tsince ƙaya da ƙarangiya da tsakuwa, a tone kututturen kara. Kututture guda ya isa ya kwantar da saurayi wata biyu.

Ran wasa yara ke buɗe fage, sai matasa, manya su zo daga baya. Makaɗa na kiɗa, ɗan kokowa na kirari, ya zaga ya nemi abokin karawa. Wanda ya yi kaye a ɗaga shi sama, a yi mashi kari.

Ka san takobin da kake jin labari a rediyo daga irin wannan fage ya samo tushe. A shekarar 1975 aka fara kokowar ƙasa a Tawa, zamanin Seyni Kunce, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobi. Jihohi 8 ke karawa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace da ƴan kokowa 10. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas, a ƙarshen 2023. Yaron da ake ma dariya yau a fagenku, wa ya san inda zai kai?

To, amma akwai inda kokowa ke cin gari, kuma nan muke so ku kasa kunne. Baƙi sai sun ci, makaɗa sai an sallame su. In ba a shirya ba, maigida ne zai buɗe rumbu ya kai hatsi kasuwa, a lokacin da tiya ta fi araha a duk shekara. Hatsin nan da ka sayar da arha a kaka, shi za ka sayo da tsada a damana, kana tsakiyar noma, wataƙila ma da bashi. Abin da ya fi, tun kafin a aika goro a zauna a yi lissafi. Baƙi nawa ake jira? Kwana nawa za su yi? Kowane gida ya kawo tiya ɗaya ko biyu, gwargwadon ƙarfinsa, a raba baƙi gida gida. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga ranar alƙalaminku: ku rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ku karanta ma jama'a bayan wasa. In gari bai samu albarka ba bana, wasan yini ɗaya ya isa, ba abin kunya ba ne.

Sai maganar faɗa. Yawanci kan kaye take tashi, wannan ya ce ya faɗi, wancan ya ce bai faɗi ba. Garuruwa biyu sai su ɓata, har ta shafi aure da rijiya. Ku naɗa alƙalai tun kafin a buga ganga, dattijo ɗaya daga kowane gari, a faɗi dokar kaye kowa ya ji. Sanda da wuƙa a aje su gidan maigari.

In wani ya ji ciwo, musamman a wuya ko a baya, kada a ja shi, kada a murɗa. A kwantar da shi kan abu mai faɗi, kamar ƙyaure, wani ya riƙe kansa kada ya motsa, a kai shi likita. Don haka tun da safe a san amalanke ko motar da za ta tsaya kusa da fage.