Zamanin Sule Da Sisi: Da Gaske Ne Kaya Sun Fi Araha?

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Tsamiya, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Bayan gaisuwa, ya ce kullum suka zauna hira da dattawa sai su ce a zamanin Turawa mutum kan shiga kasuwa da sule guda ya fito da kaya niƙi-niƙi, kuma wai har a Amurka ma haka abin yake a lokacin. Yana so a warware masa gaskiyar wannan magana, a kuma gaya masa yadda mutanen wancan zamani suke jin labarin duniya, da abin da suke nishaɗi da shi.

AMSA: To malam, mun gode da wannan takarda. Dattawan nan ba ƙarya suka yi maka ba, sai dai rabin zancen suka faɗa. Bari mu fara da kuɗin kansu, don yaran yanzu da yawa ba su san lissafinsu ba.

A shekarun 1950 kwabo 12 ne sule guda, sule 20 kuma fam guda. Sisi kwabo 6 ne, taro kwabo 3, ɗari rabin kwabo, anini kuwa sai an tara goma suke zama kwabo ɗaya. Kwabo da ɗari da anini duk da huda a tsakiyarsu, shi ya sa tsofaffi kan zarga su a zare su ɗaure a ƙugu. Wata hukumar kuɗi ce da Turawan Ingila suka kafa a 1912 take buga su, kuma kuɗi iri ɗaya ake kashewa a Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya. Sai a 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da namu na kanmu. Naira kuwa ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, inda fam guda ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma.

Ku mutanen bakin iyaka kuna da lissafi na biyu. Tun da Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar 1898 suka tsaga ƙasar Bargu biyu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, dangin da ke yamma da ita suka faɗa hannun Faransawa, a ƙasar da ake kira Dahome. Ba ta koma Benin ba sai a 1975. A Disamban 1945 Faransa ta fitar da sefa. Daga ƙarshen 1949 har zuwa 1957, bisa canjin hukuma, fam guda sefa 490 ne. Wato sule guda ya yi kusan dala biyar ta sefa, jika guda kuma fam biyu da ɗan ɗoriya. Wanda duk yake cin kasuwar Tsamiya ko Lolo, ko yake tsallakawa Segbana da Madekali da Malanbil, sai ya kwatanta da abin da ya sayi jika a kasuwar da ta wuce.

A nan sai a yi hattara da kalmar dala, don ta sha rikita masu sauraro. A bakin mutanen Nijar da Benin dala sefa biyar ce. A bakin kakanninmu na Nijeriya dala sule biyu ce, wadda wasu ke ce wa fataka. Ga kuma dalar Amurka, wadda ita za mu shiga yanzu.

Daga Satumban 1949, fam guda dalar Amurka biyu ce da santi 80. Santi ɗari ne dala guda, saboda haka sule ɗaya daidai yake da santi 14. To a 1950, a Amurka, burodi guda kusan santi 14 ne, wato sule guda cif. Galan ɗin fetur santi 27, kusan sule biyu. Kwalbar Coca-Cola santi biyar. Sabuwar mota kuwa wajen dala 1,500. In ka ji waɗannan sai ka ce ai banza ake ba da kaya. Amma abin tambaya shi ne, nawa mutum yake samu? A wannan shekarar dokar Amurka ta ce kada a biya ma'aikaci ƙasa da santi 75 a awa guda, a 1956 kuma aka mayar da shi dala guda. Santi 75 sule biyar ne da 'yan kwabbai. A nan gida kuwa, lokacin da gwamnatin Jihar Yamma ta yanka wa leburorinta sule biyar a 1954, ladan yini guda sukutum ake magana, kuma aka yi ta yayata abin saboda Arewa da Gabas ba su kai haka ba. Ka ga ke nan abin da ƙaramin ma'aikacin Amurka yake samu a awa ɗaya, shi leburanmu mai sa'a yake samu daga safe zuwa la'asar.

Kada kuma a ɗauka kowa a Amurka yake cikin wannan daula. Ita wannan doka ba ta shafi 'yan ƙwadagon gona ba sai a 1966, kuma da yawa daga masu tsinkar auduga a kudancin ƙasar baƙar fata ne, waɗanda a lokacin ko kujerar gaba a motar haya ba a bari su zauna. A kan haka ne aka kama wata mai ɗinki, Rosa Parks, a garin Montgomery a Disamban 1955, da ta ƙi tashi ta ba farar fata wuri.

Saboda haka malam, in dattijo ya ce maka ya sayi kaza da kaza da sule guda, ka tambaye shi cikin ladabi kwana nawa ya yi kafin sulen ya shigo hannunsa. Manomi a ƙasar Illo ko Kaoje ko Zagga ba albashi gare shi ba. Kuɗi kan zo masa ne sau ɗaya a shekara, in kaka ta yi ya sayar da gyaɗa ko auduga ko shinkafa, ko in masunci ne ya sayar da banda. Kafin kuɗin su ɗumama aljihu, ga dagaci da dogarai sun zo karɓar haraji, Bafillace kuma ga jangali. Farashin gyaɗa da auduga ma ba kasuwa ke yanka shi ba. Hukumar ciniki ce, wadda aka kafa a 1949, aka mayar da ita ta Jihar Arewa a 1954. Ita ke faɗin abin da za a biya manomi, a shekaru da dama ƙasa da abin da ake sayarwa a Turai, ta riƙe rarar. A ganina ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne wanda ku manoma kuka sani: mudun gero nawa ke sayen turmin atamfa, buhu nawa ke sayen keke, tumaki nawa ke yin sadaki. Da wannan ake gwada jiya da yau, ba da sunan kuɗi ba.

Sa'an nan ba kowace shekara ce ta araha ba. A 1953 zuwa 1954 an yi ƙarancin abinci mai tsanani a arewacin Nijeriya da Nijar, har mutanen yammacin Nijar suna kiranta shekarar garin rogo, don garin da aka riƙa haurowa da shi daga kudu shi ya riƙe mutane. Wanda ya ga wannan shekara ba zai ce maka sule na cika kwando ba.

Wajen sababbin abubuwa, waɗanda suka taɓa rayuwar mutanen karkara su ne keken Raleigh, keken ɗinki na Singer, tocila, fitilar ƙwai, kwanon rufi, injin niƙa, garmar shanu da takin zamani. Amma wanda ya fi juya kasuwancin wannan yanki shi ne lori. A da fatake da jakuna suke bi ta Illo da Gaya su tsallake Kwara zuwa Gwanja ɗauko goro, tafiyar watanni, wasu kuma su sauko da gishirin Foga da kanwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya fara sauya hanya. Can Dahome kuma jirgi ya iso Paraku a 1936, a 1958 aka gama gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Tun daga nan kaya suka koma bin kwalta da gada, Malanbil ta haɓaka, tsofaffin zangunan fatake suka ja baya.

Nishaɗi kuwa, in kaka ta yi aka kai amfani rumbu, sai dambe da kokawa da kalankuwa, da dare yara su yi tatsuniya, 'yan mata su fita gaɗa, da azumi a yi tashe. Mutanen Bargu ga bikin Gani, Kabawa ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Zamanin su Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo ne, Shata kuma yana tashen ƙuruciya. Mai hali kan sayi garmaho, a wana shi da hannu a ɗora faifai, unguwa ta taru. Sai kuma majigi: motar gwamnati ta zo gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan isha'i a nuna hoto, mai fassara yana bayani da lasifika. Baban Larai, wanda aka yi don koyar da noman zamani, ta wannan hanya ya yi suna. Silima ta kuɗi sai a birane, inda ake nuna finafinan kaboyi na Amurka, daga baya na Indiya suka ƙwace kasuwar. A Kano an buɗe Rex a 1937. A watan Mayun 1951 kuma gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutane fiye da 300 suka rasu, abin da ya ƙara wa iyaye da malamai ƙyamar silima shekara da shekaru. A daidai wannan lokaci Amurkawa sun fara zama gida: a 1950 gida ɗaya cikin goma ma bai cika da talabijin ba, zuwa 1960 kusan gida tara cikin goma na da ita. Mu tasharmu ta farko an buɗe ta ne a Ibadan a 1959.

Saura batun labarai. Na farko dai kasuwa ce jaridar talaka: direba da ɗan kwale-kwale da falke su ke kawo zance, sankira kuma ya yi shelar abin da ya fito daga Birnin Kebbi, fadar Sarkin Gwandu Yahaya, bayan 1954 kuma Sarki Haruna Rasheed. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, ana sayar da ita kwabo guda. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci aka ƙara da jaridun larduna, Lardin Sakkwato ya sami Zaruma. Jarida ɗaya kan zagaya gari, malamin makaranta ko malamin haraji ya karanta, jama'a na kewaye da shi.

Rediyo a farko na waya ne, akwati a rataye a bango ana biyan kuɗin wata, kuma sai a birane irin su Kano da Zariya da Katsina. Mai kama tasha da kansa kuwa ƙato ne mai cin babban batir, sai gidan hakimi ko attajiri. Abin da ya kawo rediyo gona da ruga wani ɗan ƙanƙanin abu ne da ake kira taransista, wanda masana uku suka ƙirƙira a Amurka a 1947. Shi ya sa rediyo ya ƙanƙance, ya koma aiki da ƙananan batura. Na farko da aka kai kasuwa, a 1954, dala 49 da santi 95 ne, kusan fam 18. Ƙaramin ma'aikacin Amurka zai tara wannan cikin kwana tara na aiki, leburanmu mai sule biyar kuwa sai ya yi kwana saba'in bai ci ko anini ba. Sai da Japanawa suka shiga ƙera shi farashin ya karye, a shekarun 1960 ya fara yawaita a ƙauyuka. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka kuwa ba ta fara Hausa ba sai 1979.

Manyan labarun da suka iso bakin Kwara a wannan tsakani sun haɗa da rikicin Kano na Mayun 1953, da zuwan Sarauniyar Ingila da hawan daba na Kaduna a 1956, da mulkin kai na Jihar Arewa ranar 15 ga Maris 1959 a ƙarƙashin Sardauna, da zaɓen Disamban wannan shekarar. A 1960 kuma mutanen wannan kusurwa sun ga an sauke tuta sau uku cikin wata biyu: Dahome ranar 1 ga Agusta, Nijar ranar 3 ga Agusta, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba.